Hular Kwano A Kan Jariri: Magani Ne Ko Wahala?

'Yan'uwana ɗalibai maza da mata, da malamanmu, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ɗan tattauna da ku a kan wani al'amari wanda a ido ƙarami ne, amma yana hana iyaye da yawa barci a ƙasashen Turai da Amurka, ga shi kuma ya fara leƙo mu ta cikin wayoyin da ke hannunmu. Al'amarin kuwa shi ne hular kwano da ake sa wa jariri idan ƙeyarsa ta baje, ko kansa ya karkace ta gefe ɗaya. Mu a nan hular kwanon da muka sani ita ce ta soja da ta mai babur. To, ashe akwai ta jariri ɗan wata biyar, wanda ko zama bai gama koya ba.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ɗan makaranta da kan jariri? Da ruwansa mana. Da wuya a sami ɗaya daga cikinmu wanda ba shi da ƙane ko ƙanwa a goye, ko kuwa ɗan wa ko ɗan ya. A gidaje da yawa ɗan sakandare shi ake miƙa wa takardar asibiti ya karanta, shi ake tambaya ko abin da aka gani a waya gaskiya ne. Bayan haka, 'yan babban aji nan da shekaru kaɗan su ne iyaye. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wannan hula ba ita ce farkon magani ba, kuma yawancin jarirai masu bajajjiyar ƙeya ba su bukatarta. Abin da suka fi bukata shi ne a riƙa ɗaukarsu, a riƙa juya su, a kai su likita ya duba, sa'an nan a yi haƙuri. Bari in kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai, ya kamata mu san yadda kan jariri yake. Ƙoƙon kan babban mutum a haɗe yake tamkar ƙwarya guda. Na jariri kuwa ɓangare-ɓangare ne na ƙasusuwa masu taushi, waɗanda ba su riga sun manne da juna ba. Wannan shi ke ba kan damar matsewa ya fito a lokacin haihuwa, shi ke kuma ba ƙwaƙwalwa wurin girma, domin a shekarar farko takan kusan ninka girmanta. Maɗigar nan da muke gani tana motsi a tsakar kan jariri, wuri ne inda ƙasusuwan ba su haɗu ba tukuna, kuma yawanci ba ta rufewa sai yaro ya wuce shekara ɗaya, wani ma sai ya doshi shekara biyu. To, abu mai taushi irin wannan in ya daɗe kwance a kan gefe ɗaya, tilas gefen ya baje. Duk wanda ya taɓa ɗaga kabewa a gona ya ga yadda gefen da ke ƙasa yake shafewa, alhali kuwa cikinta lafiya lau. Haka abin yake ga jariri. In kullum ƙeyarsa ce a kan katifa, sai ƙeyar ta baje, kan ya yi faɗi. In kuwa kullum gefe ɗaya yake juya fuskarsa, sai wannan gefen ya shafe, har kunnen wajen da goshin su ɗan turo gaba. Bakwaini da tagwaye sun fi saurin samun haka, na farko saboda ƙashinsa ya fi taushi, na biyu saboda matsin da suka sha a ciki.

Me ya sa maganar ta yi ƙarfi a ƙasashen Turawa? Dalilin yana da tarihi. A da, yawancin iyaye a can rub-da-ciki suke kwantar da jariransu. Ana nan sai likitoci suka gano cewa wannan kwanciya tana da hannu a cikin mutuwar fuju'a ta jarirai, watau a kwantar da jariri lafiyarsa ƙalau, a wayi gari a tarar ya cika. A shekarar 1991 aka fara yekuwa a Ingila cewa a riƙa kwantar da jarirai rigingine. A 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawara a daina kwantar da su rub-da-ciki, a 1994 kuma aka shiga yekuwar a duk faɗin ƙasar. Cikin shekara goma wannan irin mutuwa ta ragu da fiye da rabi a Amurka. Dubban yara ke nan suka rayu. Amma kuma sai asibitoci suka fara ganin an yawaita kawo jarirai masu bajajjiyar ƙeya. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda aka yi a birnin Calgary na ƙasar Kanada, ya duba jarirai 440 'yan mako 7 zuwa 12, ya tarar kusan rabinsu suna da ɗan karkacewar kai, ko da yake mafi yawansu kaɗan ne ƙwarai.

A nan akwai abin da nake so kowa ya riƙe da kyau. Kada tsoron bajewar ƙeya ya sa wata uwa ta koma kwantar da jaririnta rub-da-ciki ya yi barci. Ƙeya in ta baje tana tasowa, rai kuwa in ya fita ba ya dawowa. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

To, mece ce ita wannan hula? Wani likita mai suna Sterling Clarren da abokan aikinsa a birnin Seattle na Amurka su ne suka fara bayyana wannan hanyar magani a 1979. A 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara ba da izinin sayar da irinta a matsayin kayan asibiti. Bayanta roba ce mai tauri, cikinta kuma soso. Akan auna kan jariri, a da da filasta, yanzu kuma da na'ura mai ɗaukar siffar kai, sa'an nan a ƙera masa tasa shi kaɗai. Ba matse kan take yi ta lotsa shi ba, kamar yadda wasu suke zato. Tana dafe wuraren da suka turo ne, ta bar fili a wajen da ya baje, domin in kan ya ci gaba da girma ya nufi inda filin yake. Saboda haka akan fara sa ta tun jariri yana wata 4 zuwa 6, lokacin da kai ke girma da sauri. In yaro ya shekara, amfaninta ya ragu ƙwarai.

Amma ku ji sharuɗɗanta. Jariri zai sa ta awa 23 a cikin awa 24, da ita zai yi barci, da ita zai sha nono, ba a cirewa sai don wanka da goge ta. Haka za a yi ta yi wata uku, ko huɗu, ko shida. A tsakanin nan kuma sai an riƙa komawa wurin masu ƙera ta a kai a kai su gyara cikinta, domin kan yana girma. Kuɗinta a Ingila yakan kai fam 2,000 ko fiye, a Amurka ma dala 2,000 ko fiye. Asibitocin gwamnati na Ingila ba su saba biya wa mutane kuɗinta ba, dalilinsu kuwa shi ne babu tabbatacciyar shaida cewa tana aiki. Kowa ya juya wannan kuɗi zuwa naira ko sefa ya san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Da a ce hular tana yin abin da lokaci ba zai iya yi ba, da sai mu ce lafiya uwar jiki, ko nawa ne a biya. To, shin haka ne? Bari mu ga abin da masu bincike suka samu.

A birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan, an bi jarirai 200 tun daga haihuwa har suka shekara biyu, aka buga sakamakon a 2004. Suna wata huɗu, kusan 20 cikin 100 suna da bajewa ko karkacewar kai. Da suka kai wata takwas, abin ya sauko ƙasa da 10 cikin 100. Da suka cika shekara biyu, kimanin 3 cikin 100 kaɗai suka rage. Me ya gyara sauran? Girma ne. Da zarar yaro ya fara juyi da kansa, ya zauna, ya yi rarrafe, ƙeyarsa ta huta da katifa, sai kan ya ci gaba da cikowa.

Binciken da ya fi wannan ƙarfi shi ne wanda aka yi a ƙasar Holan, aka buga a mujallar likitocin Ingila mai suna BMJ a 2014. An ɗauki jarirai 84 'yan wata 5 zuwa 6, waɗanda kansu ya baje sosai har ana ganewa. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada son rai ya shiga. Rabi aka sa musu hula wata shida, rabi kuwa ba a sa musu kome ba. Da suka cika shekara biyu aka sake auna su. Sai aka tarar kawunan duka ɓangarorin sun gyaru, kuma gyaruwar kusan daidai take. A cikin masu hula, 10 daga 39 da aka auna suka warke sarai. A cikin marasa hula, 9 daga 40. Ina bambancin yake? Bugu da ƙari, dukkan iyayen masu hula sun kawo kukan wata matsala. Kusan kowane jariri fatarsa ta yi ja ko ta yi ƙuraje, ga gumi, ga warin hula, wasu kuma sun ji zafi. Fiye da kashi uku cikin huɗu na iyayen sun ce hular ta hana su rungumar 'ya'yansu yadda suke so. Wannan na ƙarshe, a ganina, ba ƙaramar hasara ba ce. Watannin nan da jariri ke lafewa a ƙirjin uwarsa ba su dawowa.

Wannan bincike ya koya mana wani abu kuma. Da hula da babu hula, yawancin yaran kansu bai zama kamar an zana da bakin ƙwarya ba. Ya dai gyaru, gashi ya rufe saura. In da za a aske dukkanmu a wannan makaranta a jera mu a filin taro, da an ga kawuna iri-iri, mai ƙeya, da mai goshi, da mai faɗi, kuma ba siffar kai ke nuna wanda zai zo na ɗaya a jarrabawa ba. Likitoci sun yi bayani cewa bajewar da kwanciya ke kawowa ba ta danne ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne an lura wasu daga cikin irin waɗannan yara sukan yi jinkirin zama ko rarrafe, amma sau da yawa rashin motsin ne ya kawo bajewar, ba bajewar ce ta kawo rashin motsin ba. Hula kuwa ba ta koya wa yaro rarrafe.

Sai dai kuma adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Masu goyon bayan hular sun soki binciken Holan. Sun ce jariran ba su da yawa, sun ce hulunan da yawa ba su zauna daidai a kan yaran ba, sun kuma ce ba a sa bakwaini, da masu ciwon wuya, da waɗanda bajewarsu ta fi tsanani a cikin binciken ba. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. A 2016 wata babbar ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da jagora, inda ta ce a fara da juya jariri da motsa masa jiki a hannun masana, in kuwa an yi haka bajewar mai tsanani ta ƙi gyaruwa, ko an makara ba a kawo yaron da wuri ba, to, ana iya sa hula. Ban ƙi wannan ba. Amma ku lura, ko su ɗin ba su sa hula a gaba ba, a baya suka sa ta. Uwar da likitan yara ya duba ɗanta ya ce lalle sai hula, kuma tana da hali, ba abin zargi ba ce. Wadda nake ji wa tsoro ita ce wadda hoton talla ya firgita, aka nuna mata kan wani yaro kafin hula da bayan hula, ba a gaya mata cewa yaron maƙwabta wanda bai sa kome ba shi ma kansa ya gyaru a cikin watannin nan ba. Mai sayar da kaya ba ya kushe kayansa.

Kada kuma wani ya fahimci maganata a kan cewa a zauna a gida a naɗe hannu. Akwai abu biyu da ke sa tilas a je asibiti. Na farko, akwai jariran da ƙasusuwan kansu ke mannewa tun kafin lokaci ya yi. Wannan yakan sami kimanin jariri 1 a cikin 2,500, kuma shi ba kwanciya ke kawo shi ba, juyi ba ya gyara shi, hula ita kaɗai ba ta gyara shi, sau da yawa sai an yi tiyata. Ido na gida ba zai iya bambanta shi da bajewar kwanciya ba, sai likita. Na biyu, akwai jaririn da naman wuyansa na gefe ɗaya ya ƙage, ba ya iya juya fuska sai waje guda. Muddin ba a saki wuyan nan ta hanyar motsa jikin da masana ke koya wa uwa ba, kan zai ci gaba da karkacewa. Saboda haka duk ranar da aka kai jariri awo ko allurar rigakafi, a roƙi ma'aikaciyar asibiti ta duba kan da wuyan. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu bari mu dawo gida. A ƙasar Hausa muna da abin da ya dace da shawarar likitoci tun kafin su ba da ita, watau goyo. Jaririn da ke bayan uwarsa, an ɗaure shi da zani da majanyi, babu abin da ke danne ƙeyarsa. In an sauke shi, kaka ta karɓa, goggo ta karɓa, yaya ta saɓa shi a kafaɗa. A gidan yawa jariri ba ya daɗewa a kwance idonsa biyu. Amma zamani yana sauyawa. A birane yanzu akwai gidajen da jariri ke wuni daga gado sai kujerar mota, daga kujerar mota sai keken turawa, duk kuwa ƙeyarsa na jingine da abu. Wasu ma har suna ganin goyo ƙauyanci ne. Abin mamaki, a lokacin da matan Turai ke sayen majanyi na kanti da tsada don su goya 'ya'yansu, mu kuma muna neman yar da namu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A tuna kuma da irin zafin ƙasarmu. In jariran Holan mai sanyi sun yi gumi da ƙuraje a cikin hula, yaya ɗan Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zai ƙare da ita awa 23 a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40?

Duk da haka, ba kowace al'ada tamu ce za a riƙe ba. Akwai masu tsoma tsumma a ruwan zafi su riƙa danna kan jariri da ƙarfi wai don su daidaita shi. Kakanninmu da ungozomomi suna yi ne da kyakkyawar niyya, kuma mu yara ba mu isa mu ɗaga musu murya ba. Amma muna iya gaya musu cikin ladabi cewa tsawon da kan jariri ke yi wajen haihuwa yakan koma da kansa cikin 'yan kwanaki ko makonni, fatar jariri kuwa ba ta jure zafin da hannun babba ke jurewa. Shafawa a hankali da ruwa mai ɗumi ba laifi, dannawa da ƙarfi ita ce abin gudu. Haka nan ƙananan matasan kai masu rami a tsakiya da ake tallarsu wai suna gyara kan jariri. A 2022 hukumar nan ta Amurka ta gargaɗi iyaye kada su yi amfani da su, domin ba a tabbatar suna da amfani ba, kuma suna iya toshe wa jariri numfashi.

To, me ya kamata a yi? Na ɗaya, in jariri zai yi barci a kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi. Na biyu, a riƙa sauya wajen da kansa ke fuskanta, yau dama gobe hagu. Jariri yana son kallon haske da inda mutane suke, saboda haka in aka juya masa kwanciya, kan ya koma inda ƙafa take, da kansa zai juya ɗaya gefen. Na uku, in idonsa biyu kuma akwai babba a kusa yana kallonsa, a kifa shi rub-da-ciki ya yi wasa, ko a kan tabarma ko a ƙirjin uwa ko uba. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya sami aƙalla minti 30 na irin wannan a yini, a rarrabe, ba a zama ɗaya ba. Wannan ke ƙarfafa wuya da kafaɗu. Na huɗu, a riƙa ɗaukarsa, a goya shi, a kuma sauya hannu wajen shayarwa, ko a goye ma a lura kada kullum kunci ɗaya ne a jingine. Na biyar, kada a bar shi a kujerar mota in ba tafiya ake yi ba. Duk waɗannan ba su cin ko kwabo, kuma tun makonnin farko ake fara su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe, 'yan'uwana, amfanin zuwanmu makaranta shi ne mu iya tambayar dalili kafin mu karɓi abu, ko daga Turai ya fito ko daga ɗakin kaka. In an nuna mana sabon abu mai tsada, mu tambaya, an gwada shi? Da me aka gwada shi? Wanda bai yi amfani da shi ba, yaya ya ƙare? Hular kwano tana da 'yan jariran da za ta yi wa rana, likita shi zai nuna su. Sauran kuwa, bayan uwa da hannun 'yan'uwa da haƙurin 'yan watanni sun ishe su. In mun koma gida hutu, kowa ya ɗauki ƙanensa, ya kifa shi a tabarma ya yi masa wasa, ya kuma karanta wa iyayenmu mata wannan bayani. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana ƙannenmu cikin ƙoshin lafiya, amin.